Magogin Bindigar Ɗuri: Yadda Ake Zaɓensa da Kula da Shi

Kusan duk bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, ko adakar maharbi ce, ko ta 'yan bindigar fada da ke buga ta ranar hawan sallah, ko ta kamfani mai tsagi a ciki irin wadda ake farauta da ita a Amurka, halinsu ɗaya ne: bututun ƙofa ɗaya gare shi. Gindinsa a toshe yake. Abin da ka zura, ta inda ya shiga ta nan zai fito, in kuwa ya ƙi fitowa aiki ya same ka. Bindigar zamani ana karya ta ko a zare makullinta, a tura ƙyalle ta baya ya faɗo ta gaba, an gama. Wannan kuwa sai ka aika ƙyallen har ƙasa, sannan ka dawo da shi tare da dauɗar da ya kwaso.

Abin da ke riƙe ƙyallen a wannan tafiya da dawowa shi ne magogi. Ɗan guntun tagulla ne, tsawonsa gaɓar yatsa ɗaya ko biyu, an yi masa zobba a jiki, ana ɗaura shi a kan sanda. A shagunan Turawa jag ake ce masa. Shi da kansa ba ya goge komai. Ƙyalle ke shara, aikin magogi ya manna shi a jikin bututu, ya kuma hana shi zama a can ƙasa.

Ƙorafin sababbin hannu ba ya canzawa. Wannan ƙyalle ya maƙale masa, wancan magogi ya kwance ya zauna a gindi, wani kuma ya rantse kullum yana wankewa amma tsatsa ta cinye masa bututu. In ka bi sawu, kusan duk a wurin wannan ɗan guntun tagullar za ka tarar da laifin, ko a wurin ƙyallen da aka haɗa shi da shi. Mutum zai kashe kuɗi kan bindiga ya ƙawata ƙotarta da layu da fata, amma abin da zai shiga cikinta sai ya ɗauko tsohuwar ƙusa ya naɗe mata tsumma.

Magana ɗaya kafin mu shiga aiki. A Najeriya dokar bindigogi ta 1959 ta ware wa masu ɗuri ta baki sashensu daban, ta kuma sa al'amarin lasisinsu a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Wannan jagora ta mai bindigar da ke da izininsa ce, kuma wanki da kulawa kawai ta shafa.

Me ya sa sai an wanke?

Baƙin albarushi haɗin abu uku ne: gishirin albarushi, gawayi da farar wuta. In ya ƙone, fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska. Wani ya fita cikin farin hayaƙin nan mai kauri, wani ya kwanta a jikin bututu. Cikin abin da ke kwanciyar akwai gishiri irin wanda ke cikin ruwan toka da mata ke tacewa, kuma wannan gishirin yana zuƙar laima daga iska. Shi ya sa bindigar da aka buga da yamma a watan Agusta, da safe za ka leƙa ka ga cikinta ya jiƙe ya yi baƙi, kafin kwana biyu ja ya fara bayyana. Da hunturu abin ya fi jinkiri, sai dai tokar ta bushe ta yi tauri kamar ƙanzon tukunya. Masu bugawa don biki sun fi kowa shiga wannan tarko, domin suna buga ɗuri da yawa a wuni ɗaya, sannan a jingine bindigar. Tsakanin ƙaramar sallah da babba wata biyu ne da kwana goma, lokacin da ya ishi tsatsa ta yi rami a ƙarfe. Bututun da tsatsa ta rarake daga ciki shi ne wanda ke fashewa a hannun mai shi.

Wannan gishirin ruwa ke narkar da shi, mai ba ya narkar da shi. Masu amfani da Pyrodex, wanda aka fito da shi a Amurka cikin shekarun 1970 a madadin baƙin albarushi, su ma ba su tsira ba, domin tasa tokar ba ta fi sauƙi a kan ƙarfe ba.

Kayan da za ka tanada

- Magogi na tagulla daidai ramin bindigarka. In da hali biyu: ɗaya mai ɗan sakewa, ɗaya mai kamawa.
- Sandar wanki mai ƙarfi, wadda ta fi bututu tsawo da kamar taƙi ɗaya, mai mariƙi.
- Ɗan zoben tagulla ko roba mai tsinin mazurari da ke zama a bakin bindiga, sanda ta riƙa wucewa ta tsakiyarsa.
- Ƙyallayen auduga zalla, wankakku, an yanka su girma ɗaya.
- Maƙatar ƙyalle, wato murɗaɗɗiyar waya mai baki biyu da ke ciro ƙyallen da ya faɗa.
- Makankarin gindi, mai faffaɗan baki.
- Bokiti, ruwa mai ɗumi, ɗan sabulu, tsohon burushin haƙori, siririyar waya ta tagulla, man kare tsatsa, da tocila.

1. Tabbatar babu ɗuri a ciki

Ba a ganin cikin wannan bindiga da ido, kuma kada ka yarda da maganar wanda ya ce maka ai babu komai, ko da yayanka ne. Cire hular wuta, wato 'yar hular da ke tada wuta in an ja kunama, in kuma mai ƙanƙara ce zubar da albarushin kaskon. Juya bakin inda babu mutum, ka kawar da fuskarka da ƙirjinka daga saitinsa. Zura sanda har ta tsaya, ka riƙe daidai inda ta yi da baki, ka zaro ta ka shimfiɗa a jikin bututu ta waje. In ƙarshenta ya kai wajen kafar wuta, wato ɗan hujin da wuta ke bi ta kai ga albarushi, babu komai. In ya rage yatsa biyu ko uku, akwai abu a ciki, kuma ka ɗauke shi ɗuri ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Albarushi ba ya mutuwa don ya daɗe. Bindigar kaka da aka rataye shekara talatin tana iya tashi.

Ranar da ka tabbatar bututu wayam yake, yi wa sandarka zane a daidai baki. Daga ranar zanen zai riƙa ba ka amsa.

2. Auna ramin, kada ka yi kirdado

Bindigar kamfani an buga lambarta a jiki. Mai .45 faɗin raminta wajen milimita 11.4 ne, mai .50 milimita 12.7, mai .54 milimita 13.7, mai .58 kuwa wajen 14.7. Tsofaffin bindigogin sojan Ingila da Faransa na ƙarni na 18 sun fi haka faɗi, daga milimita 17.5 zuwa 19. Duk da lambar, auna, domin kamfanoni biyu kan rubuta .50 amma raminsu ya ɗan bambanta.

Ta maƙeran gida ba ta da lamba, kuma a nan ne ake buƙatar natsuwa. Sau da yawa ramin ba ɗaya ba ne daga sama har ƙasa: baki ya buɗe saboda gugar sanda ta shekaru, tsakiya ta tsuke, ko akwai wani tudun tsatsa a hanya. In ka zaɓi magogi da awon baki kaɗai, zai shiga lafiya ya je ya cije a tsakiya. Kai ta wurin masu injin sassaƙa ƙarfe su auna maka bakin da ma'aunin kauri, sannan ka zura magogin tsirara, ba ƙyalle, ka sake shi. Ya kamata ya faɗa har gindi da nauyin sanda kawai, ka ji ƙararsa. In ya tsaya ko ya goga a wani wuri, da wannan wurin za ka yi awo.

Mai tsagi a ciki tana da awo biyu, na tudu da na kwari. Magogi da tudu yake hulɗa, ƙyalle ne ke cusa kansa cikin kwari.

3. Zaɓen magogin kansa

Fara da ƙarfen. Tagulla ake so saboda dalili biyu: ta fi ƙarfen bututu laushi, don haka ita za ta goge, ba bututu ba, kuma ba ta fid da tartsatsi in ta bugi ƙarfe. Na baƙin ƙarfe ko ƙusa ko guntun rodi, kada ya shiga bindigarka ko sau ɗaya. Na alminiyam yana da araha, amma yashi na nutsewa a jikinsa ya mai da shi abin kankara, tiredinsa kuma ba ya jure ja. Na roba ba ya cutar da bututu, sai dai ranar da ƙyalle ya cije, a wuya yake ɓallewa.

Sai ƙafarsa, wato siririn wurin da ke shiga sanda. Akwai wanda aka sassaƙa duka daga tagulla ɗaya, akwai wanda aka dasa wa ƙafar baƙin ƙarfe. Ɗauki na biyun. Ƙafar a cikin sanda take ɓuya, ba ta taɓa bututu, kuma nan ne duk nauyin ja ke taruwa. Kusan duk magogin da na gani ya karye a cikin bindiga, a gindin ƙafar tagulla ya karye.

Yanzu dubi zobban, domin a nan asirin yake. Magogi mai kyau ba a yi zobbansa don ado ba. Gefen da ke fuskantar ƙasa a sulɓe yake, gefen da ke fuskantar sanda kuma yana da kaifin kusurwa. In kana turawa, ƙyalle na kwanciya ya bi jikin magogi, ya wuce ta kan dauɗa bai ture ta ba. In ka ja, sai kusurwoyin su kama ƙyallen, ya tattare ya kumbura, ya cika rami, ya kwaso dauɗar ya fito da ita. Ke nan sharar a dawowa take. Wanda bai gane wannan ba shi ne ke neman magogi mai matsewa tun daga baki, yana dannawa da ƙarfin tsiya, yana jin daɗi wai yana gogewa. Abin da yake yi shi ne tattara tokar bututun gaba ɗaya yana kai ta gindi, yana cusa ta cikin kafar wuta. Gobe ya ja kunama bindiga ta yi shiru, ya ce albarushi ne ya yi sanyi.

Bayan zobban kuma a sami siririn wuya, inda ragowar ƙyalle zai sami wurin taruwa. Magogin da kaurinsa ɗaya da sanda tun daga kai har ƙafa, ƙyalle ba shi da inda zai je sai tsakanin sanda da bututu, nan yake cijewa.

Kauri: a bar tsakanin rabin milimita da milimita 1 ƙasa da faɗin rami, gwargwadon kaurin ƙyallenka. Na kasuwa sun fi zuwa da ɗan ƙiba. Rage shi ba wuya: ɗaura shi a injin huji, ya riƙa juyawa, ka ɗora masa magagari mai laushi kaɗan-kaɗan, kana tsayawa kana gwadawa. Abin da ka cire ba ya komawa, don haka kada ka yi gaggawa, kuma kada ka daddashe kusurwoyin nan na baya.

Akwai wani iri mai tsaga a kai da ake zura ƙyalle ciki. Yana da amfani wajen shafa mai, amma ba ya manna ƙyalle ko'ina a jikin bututu, kuma ba ya share fuskar gindi. Akwai kuma mai kwarmin baki wanda ake tura harsashin dalma da shi a kuma yi wanki da shi. Ba laifi a daji, amma bugun ɗuri na buɗa bakinsa a hankali, sai ka wayi gari ya ƙara faɗi.

4. Tiredi da sanda

Nan ne ake asarar magogi ba tare da an sani ba. Kayan Amurka tiredi biyu suka fi yawa, 8-32 da 10-32. Kayan Turai kuma na milimita ne, kamar M5. Tarkon shi ne 10-32 da M5 sun yi kusa ƙwarai: na farko kaurinsa wajen milimita 4.8, na biyu 5, tazarar haƙoransu kusan ɗaya. Magogi mai 10-32 zai shiga sandar M5 har ƙarshe, ka ɗauka ya zauna, alhali da bakin haƙora kawai yake riƙe. Ranar da ka ja da ƙarfi sai sanda ta fito ita kaɗai. Gwajin mai sauƙi ne: ɗaura shi rabi, ka girgiza. In yana rawa, ba nasa ba ne. In kuma tun juyi na biyu ya fara cijewa, kada ka sa filaya, tiredin kake kashewa. A kan bindiga mai faɗin rami, 10-32 ya fi 8-32 ƙarfi.

Sandar katako da ke maƙale a ƙarƙashin bututu ta ɗuri ce a daji, ba ta wanki ba. Katakon da jijiyarsa ta karkace yana tsagewa a tsaye, ya fid da tsini, kuma tafin hannun mai dannawa yake nufa. In dole da ita za ka yi aiki, duba kan tagullar da ke bakinta. In gam kawai ke riƙe da shi, a huda a sa masa 'yar ƙusar tagulla ta ratsa, in ba haka ba shi da magogi za su zauna a ciki tare. Kuma riƙe ta kusa da bakin bindiga, taƙi ɗaya-ɗaya, kada ka kama can sama ta lanƙwashe.

Don wanki a gida nemi sandar ƙarfe mai santsi ko ta tagulla, guda ɗaya ba mai haɗe-haɗe ba, ka sa mata zoben nan na baki. Mutane na raina zoben, alhali bakin bututu shi ne wuri na ƙarshe da harsashi ke taɓawa. In sanda ta cinye gefe ɗaya, saiti ya tafi, kuma ba wankin da zai dawo da shi.

5. Haɗa shi da ƙyalle

Auduga zalla, mai laushi, wadda ta sha wanki. Tsohuwar singileti, falanel, ko akoko da aka wanke sau da yawa duk suna yi. Sabuwar atamfa ba ta shan ruwa sai an fitar mata da sitaci. Yadin roba kuwa shafa dauɗa kawai yake yi yana zamewa. Guji wurin ɗinki da kalmasa, domin kauri biyu ne a gefe ɗaya.

Ga mai .50, ƙyalle mai faɗin santimita 5 zuwa 6 ya isa. Ƙa'idar ita ce ya rufe kan magogi da zobbansa duka, ya ɗan wuce zuwa wuya, ya tsaya nan. Ƙarami na zamewa ya faɗa, babba na naɗe sanda ya cije. In ka sami yadin da ya dace da magoginka, yanka da yawa ka ajiye, domin canza yadi daidai yake da canza magogi.

Gwada a bututu mai tsabta, da ƙyalle mai ɗan laima. Ɗora shi a tsakiyar baki, ka danna. Ya kamata ya sauka da ƙarfin hannu ɗaya, ya dawo da ɗan nauyi fiye da yadda ya tafi. In sai ka sa hannu biyu ko ka buga, ya yi kauri. In ya dawo fari fat a wasu wurare, ko bai dawo ba sam, ya yi sako-sako.

Busasshen ƙyalle ba ya shiga bututu mai dauɗa. Mafi yawan maƙalewa daga nan take.

6. Wankin

In bututun na cirewa daga ƙota, cire shi. Kwance ɗan bututun da hular wuta ke zama a kai, ka jefa shi cikin ruwa ya jiƙa. Tsoma gindin bututu a bokitin ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulu, sa jiƙaƙƙen ƙyalle a magogi, ka tura har ƙasa ka ja a hankali. Magogin da ya dace zai zuƙo ruwa ta kafar wuta ya biyo shi sama, in ka tura kuma ya feso shi waje baƙi ƙirin, da warin ruɓaɓɓen ƙwai saboda farar wuta. A waje ake wannan aiki, in kana son zaman lafiya da uwargida. Canza ruwa har ya fito garau, ka ɗauraye da wanda ba sabulu.

In bututun ba ya cirewa, toshe kafar wuta da tsinken sakace, zuba ruwa ta baki, bar shi minti kaɗan, ka tuntsurar. Maimaita, sannan ka bi da jiƙaƙƙun ƙyallaye. Kula kada ruwa ya gangara tsakanin ƙarfe da katako.

Wasu na son tafasasshen ruwa don ƙarfe ya bushe da kansa. Ni ban ga ribarsa ba. Ƙarfe mai zafi da ba mai a jikinsa nan take yake yin jan ƙura, ga ƙona hannu. Mai ɗumi ya wadatar.

A bututu mai tsagi, ƙyalle na bin murɗin tsagin, sanda kuma dole ta juya tare da shi. In ka ƙanƙame mariƙin, a ɗaya daga cikin tafiya ko dawowa magogi zai riƙa kwancewa kaɗan-kaɗan. Saki hannu sanda ta juya, kuma duk fitowa taɓa magogin ka ji ko yana nan daram.

Bi da busassun ƙyallaye har na ƙarshe ya fito a bushe, sannan ƙyalle ɗaya mai ɗan mai. Kada ka yi amfani da baƙin mai na inji, yana haɗuwa da tokar albarushi ya zama kwalta. Manja da man gyaɗa suna daskarewa su yi danƙo in an daɗe. Man bindiga na gaskiya ya fi, in babu, man keken ɗinki ya yi maka ajiya, amma ka share shi tas kafin ɗuri na gaba. Jingine bindigar baki ƙasa na dare ɗaya, don ragowar mai da ruwa su gangaro waje maimakon su taru a kafar wuta.

Washegari sake zura farin ƙyalle. In ya fito da ja, akwai inda gishiri ya ɓuya, koma kan ruwa. Da damina sake dubawa bayan mako guda.

7. Inda magogi ba ya kaiwa

Bindigogin kamfani da yawa suna da wani ƙaramin ɗaki a gindi wanda ya fi bututu ƙunci, tsarin da ya samo asali daga maƙerin Landan Henry Nock a 1787. Magogi na tsayawa a bakin wannan ɗaki, mai shi ya ɗauka ya kai ƙarshe. Nan dauɗa ke taruwa shekara da shekaru. Sai ka sa ƙaramin magogi ko ƙaramin burushi da aka naɗe da ƙyalle ka murza cikinsa. Mai shimfiɗaɗɗen gindi kuma makankari take so, a juya shi hannun dama sau biyu ko uku, a tuntsurar da abin da ya kankaro.

Burushin waya mai cika rami kuwa, yi hattara da shi. Gashinsa na kwantawa baya in yana shiga, kuma a bututu mai toshiya ba shi da filin da zai juya. In ya kai ƙasa sai ya turje. In ka riga ka sa, murɗa shi hannun dama kana ja a hankali. Masu sabon samfurin da ake kwance toshiyar gindinsa, irin wanda ya yaɗu a Amurka tun tsakiyar shekarun 1980, su wannan bai dame su ba, suna turawa ya fita ta gaba.

8. In ya maƙale

Kada ka fizga, kada ka murɗa hannun hagu. Hagu kwancewa ce. Zuba ruwa mai ɗumi ta baki ka bar shi minti goma ko fiye, ƙyalle ya jiƙa tokar ta narke. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In bai isa ba, ɗan tura shi ƙasa tukuna don ƙyallen da ya tattare ya saki, sannan ka ja kana murɗawa dama. In har yanzu ya ƙi, ɗaure mariƙin sanda a jikin wani abu mai ƙarfi, ka kama bindigar ka ja ta a miƙe, ba wanda ke tsaye a gaban bakinta.

In ƙyalle ne kawai ya faɗa, maƙata za ta ciro shi cikin minti ɗaya. In magogi ne ya kwance, zura sanda a hankali ka laluba, sau da yawa tiredin na sake kamawa. In ƙafar ce ta karye, tsaya nan, kai wa maƙerin da ya san bindiga ya kwance gindi. Za ka ji masu cewa a tura ɗan albarushi ta kafar wuta a harbo shi. Ban ba ka wannan shawara ba, balle a bututun da ba ka san ƙarfinsa ba, kuma magogin da bai zauna a gindi ba toshiya ce a tsakiyar hanya. Haka nan kada a kai bututu kusa da wuta da sunan a faɗaɗa shi.

9. Kula da magogin

Wanda ya gama wankin bindiga yakan jefa magogi cikin jaka da dauɗarsa, alhali gishirin da ke cin bututu yana cin tagulla ma. Shi ne koren nan da kake gani a tsakanin zobba. Kwance shi daga sanda duk ranar da ka yi aiki, wanke shi da sabulu da burushin haƙori, musamman cikin zobba da tiredi, ka busar, ka ɗiga wa ƙafar mai. In ka bar shi a ɗaure wata da watanni, ƙafar ƙarfe na yin tsatsa a cikin sanda, su zama abu ɗaya. Ramin tiredin sanda ma a share shi da tsinke da auduga, domin dauɗar da ke ciki na hana magogi zama har ƙarshe.

Kada ya taɓa ƙasa. Yashi ɗaya da ya maƙale a ƙyalle ko ya nutse a tagulla ya isa ya ja layi daga baki har gindi. Da hunturu, lokacin da ƙura ke shiga ko'ina, ajiye ƙyallaye cikin leda ko gwangwani mai murfi, ka kuma shafe sandar kafin ta shiga. Magungunan wanke bindigar zamani masu warin amoniya an yi su ne don narkar da jan ƙarfe, suna cin tagulla, kuma wannan bindiga ba ta buƙatarsu.

Lokaci-lokaci duba abu uku. Shafa yatsa a gefensa: in ya taɓa faɗuwa kan siminti zai yi ɗan tudu mai kaifi da ke yaga ƙyalle, a goge shi da magagari. Ɗaura shi a sanda ka mirgina a kan tebur: in kan na rawa, ƙafar ta lanƙwashe, kuma ƙafar da ta lanƙwashe ba a miƙe ta, canzawa ake yi, don ta riga ta yi rauni. Sannan dubi kusurwoyin zobba. In sun daddashe har ƙyalle ya fara zama a ƙasa, ƙaramin magagari mai kusurwa uku zai farfaɗo da su sau ɗaya ko biyu. Bayan haka kaurin ya ragu da yawa. Mai da shi na shafa mai, ko na share bututu tsakanin harbi da harbi inda ake son mai sakewa, ka sayi sabo don wanki.

In kana da bindiga fiye da ɗaya, kowane magogi da gwangwaninsa da ƙyallayensa, a rubuta awon a murfi. Na .50 da na .54 ba a bambance su da ido a hasken fitila, kuma ƙaramin in ya shiga babban rami, ƙyallen zai bari a ƙasa ya fito shi kaɗai.